Rawata Ta Ƙi Hawa GitHub

Aikin bai taka kara ya karya ba: in tura gyaran manhajar nan zuwa GitHub, shafin da masu haɗa manhaja suke ajiye aikinsu a intanet, abokin aikina na Yamai ya ɗauka. Na buga git push, umarnin tura aiki can, abu ya yi ta hawa, sai ya tsaya da dogon rubutu. Na ce reso ne, wato matsalar intanet. A Damagaram ko akuya ta ɓata, reso ne. Na sayi forfe, na hau soro, ƙarshe dai na tari kabu-kabu daga Birni zuwa fadarmu ta Zongo.

Mai haɗa mana shayi, kun san shi, ya leƙo ya ce, "Kwamfutar ce ta tsufa, ka sayar mini." Mutumin da tun azumin bara yake riƙe da cazata! In na tambaya, sai ya ce ai shi ma ita yake nema. Bashin sukari kuwa bai taɓa yafe wa kowa ba, har littafi gare shi.

Ana cikin haka ƙanen matata, ɗan jami'ar nan, ya zo wucewa. "Yaya, in gani?" Ya karanta rubutun da murya, fada ta yi tsit. "Ba reso ba ne, Yaya. GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100, tun daga 50 yake gargaɗi. Ga ma sunan fayil ɗin ya rubuta maka."

Ina ganin sunan gabana ya faɗi. Na fizge kwamfutar, na goge fayil ɗin, na sake turawa ina murmushin manya. Ya ƙi.

"Ai Git, manhajar da ke riƙe tarihin aikinka, ba ya mantuwa, Yaya. Tun da ka riga ka yi kwamit da shi, wato ka adana shi, yana cikin tarihi, kuma tarihin ake turawa gaba ɗaya. Bari mu ga mene ne."

Na ce a bari. Yaron nan ya zaƙulo shi daga tarihin, ya danna. Lasifika a ƙure.

Kalangu ya tashi. Ga ni nan a bikin watan jiya cikin babbar riga, ina juyi, maroƙi yana kirari. Hula ta faɗi, na sunkuya ɗauka ban fasa rawa ba, na taka bakin riga, na tafi gaba ɗaya kamar buhun gero daga kan amalanke, cikin tiren fanke. Mai kalangun bai ko tsaya ba. Aka ce a maido. Aka maido. Wani ya ce a tsayar daidai inda ƙafata take sama. Wani dattijo mai wucewa ya jingine kekensa, ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Sannu, ɗana," ya tafi.

Wa ya jefa bidiyon cikin foldar aikina? Mai shayi, ranar da ya ari kwamfutar wai zai kwafi wa'azi. Git add da ɗigo kuwa, umarnin da na buga kafin kwamit, duk abin da ya tarar a foldar kwashewa yake.

Yaron ya yi git reset ya koma bayan kwamit ɗin, ya cire bidiyon, ya rubuta sunansa cikin .gitignore, jerin abubuwan da Git zai ƙyale, ya sake kwamit. Kafin shayi na biyu ya nuna aiki ya tafi, da reson nan dai da nake zagi tun safe. Ya ce in ba shi na mai, na ba shi jaka ɗaya don ya yi shiru, ashe har ya tura wa yayarsa a WhatsApp.

Cazar kuma yanzu wai tana wurin wani ƙanensa a Mirriya.