Gawon namu ne, takardar kuma an kulle mana

Jama'a bari in sa baki a gardamar nan da ake ta yi a gurup ɗin ɗalibai, wai wanda ya turo wa ɗan'uwansa PDF na takardar binciken da aka kulle da kuɗi ɓarawo ne. Ni dai ban yarda ba.

Ku duba yadda harkar take tafiya. Malami zai yi bincike da kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya, ya rubuta ya ba mujalla kyauta, wasu malaman su duba su gyara su ma ko dala ba a ba su, sai kamfani ya zo ya sa kwado ya ce takarda guda dalar Amurka 30 zuwa 40, wajen jika 20 ke nan. Yaron da ke rubuta memuwar, wato rubutun kammala karatu, nan Damagaram, wanda farfen intanet ma sai ya yi lissafi kafin ya sa, takardu nawa zai saya? Kuma sai ya biya ya buɗe sannan zai san ko tana da amfani. Ko yana da kuɗin ma ina katin bankin? Elsevier kuwa, babban kamfanin buga mujallun bincike, ribarta ta haura kashi 30 cikin 100.

Abin da ya fi ƙona mini rai, binciken ma a kanmu aka yi shi. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya gawo a gonakinsu har duniya ta zo kallo, an auna, an yi hira da tsofaffi ƙarƙashin itace, an rubuta. Haka tamowa, haka sanƙarau. Amma jikan tsohon da ya ba da amsar in ya nemi wasu takardun sai ya tarar da farashi.

Sci-Hub da ake ta ambato, shafin da ke sakin takardun da aka kulle kyauta ba da izini ba, Alexandra Elbakyan ce 'yar Kazakistan ta buɗe shi a 2011 tana ɗaliba, don matsala irin tamu. A 2017 kotu a New York ta ce ta biya Elsevier dalar Amurka miliyan 15. Doka ba ta bayanta, wannan gaskiya ne, ban kuma ce kowa ya ruga can ba. Amma kunyar ba a kan ɗalibi take ba.

Su ma masu cewa sun buɗe, ku yi hattara da su. A 2021 mujallar Nature ta ce marubuci ya biya yuro 9,500 a saki takardarsa kyauta, sama da sefa miliyan 6! Wasu na yafe wa ƙasashe irin namu, amma sai ka nema.

Akwai hanyoyin halal da da yawanmu ba mu sani ba. Shirin Research4Life na ba makarantu da asibitocin Nijar damar karanta mujallu kyauta, a ciki akwai Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma, sai dai makaranta ta yi rajista, ku tambayi mai kula da laburare. Ga AJOL, shafin mujallun Afirka, ga HAL, rumbun takardun bincike na Faransa, ko ka rubuta wa marubucin kai tsaye, galibi da murna yake turowa.

Malamanmu kuma, Allah ya ƙara girma, da ku nake. Kuna bugawa don CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, ta ƙara muku matsayi, madalla, amma ku sa kwafin da mujallar ta yarda inda ɗalibanku za su samu. Memuwar ɗin da ke jibge cikin kabad suna shan ƙura fa, su ba Elsevier ce ta kulle su ba.