Wai Bahaushe bai san maganin mikin zuciya ba?

Wallahi maganar da wata baƙuwa ta yi a wani taro jiya ta tsaya min a rai. Wai Bahaushe bai san yadda ake warkar da mikin da aka gada daga kakanni ba, iyakarsa ya ce haƙuri ya haɗiye. Kuma ’yan garin nan na zaune suna tafa mata!

Mikin kam akwai shi. A Fabrairun 1903 sojojin Nasara suka ci Kano. Aka kama Sarki Alu, aka kai shi Yola, daga can Lakwaja, inda ya rasu a 1926 bai sake taka garinsa ba. Jama'a suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, aka kashe shi a Burmi, wasu daga cikin waɗanda suka tsira sai Sudan. Gidaje da yawa ba su sake haɗuwa ba.

To wa ya riƙe waɗanda suka rage? Mutanensu ne suka riƙe su. Zaman makoki ne, da sadakar uku da bakwai da arba'in, yadda ba a barin mutum ya kwana shi kaɗai da baƙin cikinsa. Malamin zaure ne da addu'a da rubutun sha. Waƙoƙin ajami ne da malamai suka rubuta kan zuwan Nasara, ana rerawa, mai kuka ya yi kukansa cikin jama'a. Wasan jika da kaka ne, inda ake faɗin magana mai ɗaci ana dariya, tsohuwa ta amayar da abin da ta daɗe tana ɓoyewa. In wannan ba magani ba ne, mene ne?

Masu cewa ai akwai camfi a ciki, na ji. Mai buƙatar likita ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ban hana ba. Amma Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ne cikakke, tun 1954 ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Shi bai raina na gida ba.

Muna da maganin, mu muka sake shi. Yanzu gaisuwar mutuwa ma ta WhatsApp ake aikowa.