Sigarin lantarki: yawan volt ba shi ne inganci ba

Mai sayen sigarin lantarki yakan shiga shago ya ce a ba shi "mai ƙarfi", mai shago kuma ya miƙo masa wanda lambar volt ɗin jikin kwalinsa ta fi girma. A ganinmu wannan tambayar ce ke jawo yawancin matsalolin da ake samu da waɗannan na'urori. Volt shi kaɗai ba ya nuna komai sai an haɗa shi da juriyar koyil da kuma ƙarfin batir. Tun farko dai, wanda ba ya shan taba ba shi da dalilin fara wannan, domin nikotin kama mutum yake yi ko ta wace hanya ya shiga jiki. Maganarmu da baligin da ya riga ya saba ce.

Abin da ke dafa ruwan cikin tanki shi ne zafin koyil, wato 'yar wayar da aka naɗe da auduga. Da wat ake auna wannan zafi, lissafinsa kuma ba wuya: a ninka volt da kansa, a raba da juriyar koyil, wadda ake aunawa da ohm, ake kuma rubutawa a jikinsa da alamar Ω. Koyil mai ohm 1.5 a kan volt 3.7 yana ba da wat 9 da ɗan ɗoriya. A ɗaga shi zuwa volt 5, sai ya kai kusan wat 17. Ƙarin volt 1.3 kacal ya kusa ninka zafin, alhali auduga ba ta ƙara saurin tsotso ruwa ba. Da zarar koyil ya ƙafar da ruwa fiye da yadda auduga ke kawowa, sai ta fara ƙuna, hayaƙin ya yi ƙauri, ya kartar maƙogwaro.

Ƙaurin ba ɗanɗano kawai yake ɓatawa ba. Gilisarin da propylene glycol, waɗanda su ne jigon ruwan, suna rikiɗewa idan zafi ya wuce kima, su fitar da acrolein da formaldehyde, sinadarin da ke cikin famalin da ake adana gawa da shi, wanda an tabbatar yana jawo cutar kansa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Portland ta Amurka sun gwada na'ura ɗaya a matakai biyu. A volt 3.3 ba su ga sinadaran da ke sakin formaldehyde ba, a volt 5 kuwa sun same su da yawa. Wasu masana sun soki gwajin, suka ce babu mai iya jure shaƙar hayaƙi mai ƙauri irin haka. Sukar tana da tushe, amma ba ta rushe gaskiyar cewa ƙetare iyakar koyil na ƙara yawan gubar ba. Shi ya sa ake rubuta iyakar wat a jikin yawancin koyil, misali 40 zuwa 60. A ɗiga ruwa kaɗan a kan audugar sabon koyil, a cika tanki, a jira minti 5 zuwa 10, sannan a fara daga ƙasan iyakar ana ƙarawa sannu a hankali.

Batir ne ya fi damunmu. Wanda aka fi amfani da shi, nau'in da ake kira 18650, volt 4.2 yake bayarwa idan ya cika, ya riƙa sauka yayin da ake aiki da shi. Duk na'urar da ke ba da fiye da haka, ko dai tana da allo, wato ɗan faifan lantarkin da ke sarrafa wutar ya ɗaga ta, ko an jera batir biyu a ciki. Ko wanne ne, batirin ke biyan farashi da amp, wato yawan wutar da ake zuƙa daga gare shi. Na'ura mai batir ɗaya da aka saita a wat 60, lokacin da batirin ya sauka zuwa volt 3.2, tana jan kusan amp 19, idan aka ƙara asarar allo ya kai wajen 21. Batirin Samsung 30Q amp 15 aka ƙayyade masa, 25R kuma 20. Ke nan na farkon bai isa ba sam, na biyun ma yana bakin gaɓa. Batirin da aka matsa wa yakan yi zafi, ya fesar da iska mai kama wuta, wani lokaci ya fashe.

Mafi haɗari su ne na'urorin da ba su da allo ko kaɗan, bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli. Koyil mai ohm 0.15 a kansu yana jan amp 28 kai tsaye, babu abin da zai katse wuta idan waya ta haɗu. Irin wannan ce ta fashe ta kashe wani mutum mai shekara 38 a jihar Florida a watan Mayun 2018. Ba mu ga dalilin da zai sa wani ya saya ba.

Jabun batir kuma sun cika kasuwa. Duk 18650 da aka rubuta wa mAh 9,900, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, ƙarya ce, na gaske ba ya wuce 3,500 da wani abu mai yawa, kuma masu ɗaukar caji da yawa su ne masu ƙarancin amp. Idan ledar jikin batir ta yage, a daina amfani da shi, domin ƙarfen jikinsa gaba ɗaya ɓangaren wuta ne. Kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, barin na'ura a cikin motar da aka rufe ganganci ne. Masu batir biyu su sayi biyun tare, iri ɗaya, su riƙa caja su tare.

Saura ruwan. Na'ura mai wat da yawa tana ƙafar da ruwa ninkin-ba-ninkin ƙarama, don haka nikotin mai miligiram 3 ko 6 a kowane mililita aka yi mata, da ruwa mai kauri, gilisarin kashi 70 cikin ɗari. Tarayyar Turai da Birtaniya sun tsayar da iyaka a miligiram 20, amma ana samun mai 50 a wasu kasuwanni. Wanda ya zuba irin wannan a tankin wat 60 zai gamu da jiri, tashin zuciya, gumi da bugun ƙirji.

Mai son ya rabu da sigari, ƙaramar na'ura mai allo, wat 10 zuwa 20, da koyil mai ohm 0.8 zuwa 1.2, ta wadatar da shi, kuma zuƙarta ta fi kama da wadda ya saba. Babbar na'ura hayaƙi kawai take ƙarawa, tare da yawan ruwan da ke shiga huhu da kuɗin sayen koyil.