A tantance jini tun kafin a buƙace shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa duk jinin da za a ƙara wa mutum sai an gwada shi a kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da kuma tunjere. Babu asibitin da ke musun wannan. Abin da ke damuna shi ne lokacin da ake yin gwajin da irin kayan da ake yin sa da su.

A asibitocinmu da dama, sai jini ya ɓalle wa mai haihuwa, ko yaro mai sikila ya galabaita, sannan a ce wa dangi su nemo mai ba da jini. Nan take sai a kira ƙanin miji, in ba a dace ba kuma a koma wajen masu sayar da jininsu, waɗanda ba za su faɗi gaskiyar lafiyarsu ba don kada ciniki ya ɓaci. A ɗiga jini a kan tsinken gwaji, a ɗan jira mintoci, a ɗaura leda. Alhali wanda ya kamu da ciwon hanta kwanan nan yana iya ɗaukar makonni tsinken bai nuna komai ba, shi kansa kuma garau yake jin jikinsa. Gwajin ELISA, wanda ake yi da na'ura a ɗakin gwaje-gwaje, ya fi tsinke kaifi, gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta kuma ya fi su duka, amma ba a yin su a tsaitsaye majinyaci na jira.

Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Da irin wannan yawa, sakaci kaɗan ya isa a ceci mace yau, a bar ta da ciwon da zai cinye mata hanta bayan shekaru. Birtaniya ma ta ɗanɗana wannan: rahoton 2024 ya nuna fiye da mutum 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko nau'in C ta gurɓataccen jini, kimanin 3,000 sun rasu.

Tun 2021 Najeriya ke da dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. A ganina, aikin da ya fi gaggawa shi ne jihohi su tanadi ma'ajiyar jini mai tsayayyiyar wuta, a cika ta da gudummawar masu bayarwa don Allah a kai a kai, a tantance a natse.

Wanda aka samu da cutar kuwa, bai kamata a sallame shi da cewa jininsa bai yi ba kawai. A ja shi gefe a yi masa bayani, a tura shi wurin likita, a gwada matarsa da 'ya'yansa, domin nau'in B yana da allurar riga-kafi, nau'in C kuma ana warkewa da ƙwayoyin da ake sha na mako 8 zuwa 12.