Gurbin gasa ba na kowace bindiga ba ne

Masu sayen manyan bindigogi a Amurka, irin masu harba harsashin .50 BMG, da yawa suna ɗauka cewa gurbin harsashi na gasa ya fi na gama-gari ta kowace fuska, tunda ya fi tsada. Ba haka abin yake ba.

Gurbi shi ne inda harsashi ke zama a gindin bututun bindiga. Na gama-gari an bar masa ɗan sarari da gangan, domin asalin wannan harsashi na bindigar soja mai sarrafa kanta ne da John Browning ya ƙera, wadda dole ta yi aiki cikin ƙura da zafi. Na gasa kuwa a matse yake, musamman wajen wuyan kwanso (gwangwanin da ke riƙe da albarushi da kan harsashi), kuma an yanka maƙogwaronsa, wato mashigar bututun da ke gaban gurbin, daidai da takamaiman kan harsashi. Wannan ne ke sa harbi ya taru wuri guda a gasar yadi 1,000.

Haɗarin yana nan: idan aka harba, dole wuyan kwanso ya buɗe ya saki kan harsashi. Saka rarar harsashin soja mai kaurin wuya a matsattsen gurbi, sai ka ji sakatar da ke kulle harsashi a gurbi tana ƙin rufuwa. In ka danna da ƙarfi, wuyan ya rasa wurin buɗewa, matsi ya haura ƙima, ga fuskarka dab da wurin.

A ganina, wanda ba ya ɗura harsashinsa da kansa, kuma ba ya auna kowane kwanso, na gama-gari ne nasa. Kafin ka biya, tambayi maƙerin wane harsashi ya yanka wa gurbin.