Dutse ɗaya ba ma'adini ba ne

Akwai wani bidiyo da ya yi ta yawo. An ɗaga dutse ɗaya mai walƙiya a gaban kyamara, wai zinariya ce a cikinsa, an nuna takardar ɗakin gwaji guda ɗaya, sai ga kira kowa ya kawo kuɗinsa a ɗauko katafila. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a ciki ya zubar. Raina ya ɓaci domin masu turo kuɗin talakawa ne, wasu kuɗin takin bana za su taɓa.

Dutse ɗaya ba ma'adini ba ne, jama'a. Wanda ya tsinci dutsen nan mafi kyawu ya zaɓa a cikin ɗari, ya bar 99 a ƙasa. Ɗakin gwaji kuwa abin da aka kai masa yake aunawa. Takardar ta yi magana a kan dutsen da ke hannun mutumin, ba ta ce komai a kan tudun ba. Tambayoyin mai zuba jari uku ne: giram nawa a kowane tan, tan nawa ne a ƙasa, nawa za a kashe a fito da shi. Ba ko ɗaya da bidiyon ya amsa.

Walƙiyar ma kallon kitse ake wa rogo. Akwai dutsen da ake kira fairait, rawaya ne kamar zinariya. Goga shi a bayan tayil, zai bar baƙin zane, buga masa guduma, zai ruguje. Zinariya zanenta rawaya ne, kuma in an doke ta baje wa take yi. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, fairait sau 5 kawai. Sannan yawancin dutsen da manyan kamfanoni ke samun riba a kansa, giram 1 zuwa 5 ne a tan guda, ido ba ya ma ganin zinariyar.

Ga yadda aikin yake. Kafin a taka daji, ana fara duba taswira. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1919, tana da taswirorin duwatsu da bayanan maganaɗisu da aka ɗauka da jirgin sama. Daga nan sai a bi rafuka ana ɗibar yashi a inda ƙananan ƙoramu ke haɗuwa da babba, domin ruwa yana kwaso labarin abin da ke tudu. Inda awo ya nuna alama, a ja layuka mita 100 tsakaninsu, a ɗebi ƙasa duk bayan mita 25, daga zurfin kamu biyu, ƙasa da inda garma ke kaiwa. Bayan haka a yanka dogon rami wanda ya gitta jijiyar, wato layin dutsen da ke ɗauke da zinariyar, ba wanda ya bi tsawonta ba, a sassaƙo samfur daga wannan gefe zuwa wancan, mai kyau da marar kyau duka a buhu ɗaya. A nan ne mutanenmu ke cutar kansu: hannu yana kaiwa ga mai ƙyalli, sai sakamako ya kumbura. Sai an wuce duk wannan ake kawo injin da ke huda dutse ya fito da shi kamar sandar rake. A raba sandar biyu a tsaye, rabi ya tafi gwaji, rabi a adana a akwati da lambar zurfinsa. Kuma a cikin kowane samfur 20 a saka wanda aka san babu komai a cikinsa, da wanda aka maimaita da wata lamba, don a gane ko ɗakin gwajin yana aikinsa daidai.

Yi lissafi da kanka. Jijiya mai faɗin mita 1, tsawon mita 100, zurfin mita 20, ta ba ka kubik mita 2,000 na dutse. Ninka da 2.7, wato nauyin kubik mita ɗaya na dutsen a tan, tan 5,400 ke nan. In giram 2 ne a tan, zinariyar duka ba ta kai kilo 11 ba, kuma wankin hannu ba zai kama ta duka ba. Cire hayar katafila, dizal, injin zuƙe ruwa, niƙa da leburori. To in jijiyar ta tsuke a mita 6 fa? Jijiya tana kumbura tana tsukewa, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya. Wanda bai huda ba bai sani ba.

Za a ce ai 'yan kuza a Toro sun daɗe suna samu ba tare da wani masani ba. Kuza mai nauyi ce, ruwa ya riga ya wanke ta ya tara a tsohuwar hanyar rafi, kuma ko ita Turawan da suka yi aikinta a Jos sai da suka haƙa ramukan gwaji a jere, suka auna yawan ƙasa, suka wanke, suka ɗora a sikeli. Za a ce bincike tsada. Hayar katafila na mako biyu a wurin da babu komai kuwa asara ce tsantsa. Za a ce arziki na Allah ne. Haka ne, kuma Shi ne Ya ba mu hankalin auna abu kafin mu saya. Masu na'urar hannu ta XRF da ake haska dutse da ita don gane ma'adinin cikinsa su ma su ji: ba ta ganin ma'adinin litiyam sam, kuma ba abin dogaro ba ce a kan zinariya mai ƙarancin giram.

Ga batun doka. A dokar ma'adinai ta 2007, sarkin gari ko mai gona ba ya ba da izinin haƙa. Yardarsu ana buƙata, amma lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, kuma lasisin bincike, mai shekara 3 a karon farko, daban yake da na haƙa. Duk mai neman kuɗinka, ce masa: Alhaji, ina lambar lasisi, ina taswirar inda aka ɗebi samfur? In dutsen yana ɗauke da dalma kuma aka kai shi gida ana daka, ku tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu.

Allah Ya yi mana arziki a ƙasar nan. Dutsen siminti a Ashaka, kwal a Maiganga, farar ƙasa a Alkaleri. Muna da masu karatun duwatsu a jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da jami'ar jihar Gombe, da yawansu suna zaune ba aiki, ku ɗauke su ku biya su.