Teburin falo mai siffar ƙwai, me ya sa yake karkacewa?

Jama'a, ku zagaya shagunan kafintocin Zariya daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, ku dubi teburan tsakiyar falo masu siffar ƙwai. Da yawansu gefe ɗaya ya fi ɗaya kumbura. Da ido ake zana su, ko a kifa baho a nan a kifa a can, a haɗa layin da hannu. Katako mai tsada, fenti na walƙiya, amma tebur a karkace.

Alhali abin da zai raba mu da wannan, da ragowar katako ake haɗa shi. Allo ne aka fafe masa hanya biyu da suka gitta juna kamar alamar tarawa. Kowace hanya da ɗan guntun katako mai zamewa a ciki, sai doguwar sanda da aka kafa a kan guntayen biyu da ƙusa, fensir a bakinta. Kana juya sandar, guntu ɗaya na kai-komo ta tsaye, ɗayan ta kwance, fensir na fitar da zane daidai wa daida. Kana son tebur mai tsawon santimita 120 da faɗin 80? Daga fensir zuwa ƙusa ta nesa ka auna 60 (rabin tsawon), zuwa ta kusa 40 (rabin faɗin). Shi ke nan lissafin.

Turawa na kiran wannan na'ura da sunan Arkimidis, masanin Girka da ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Malaman Musulunci ma sun sa hannu a wannan fanni: a ƙarni na 10 Abu Sahl al-Kuhi ya rubuta littafi kan wani kamfas mai zana irin wannan siffa da 'yan uwanta. Akwai kuma tsohuwar dabarar ƙusa biyu da zare, ita ma tana yi, sai dai zare na miƙewa idan hannu ya yi nauyi.

Abin da ke ba ni haushi, garin da shahararren magini Babban Gwani ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a da ƙasa da azara, garin da ke cike da ɗaliban injiniya, amma yaron shago zai gama koyon aiki bai taɓa ganin wannan na'ura ta Arkimidis ba. Oga, don Allah ka ware yamma ɗaya ka haɗa ta tare da yaranka. Ta yi maka tebur, ta yi firam ɗin madubi, ta yi kan ƙofa. Ka dai shafa wa hanyoyin kyandir don kada guntayen su riƙa cijewa a tsakiya.